Jikata Ta Ƙone Ina Kwance a Buge: Wane Taro Zan Bi?

Tiya Luding, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri idan wasiƙar nan ta yi ta kewaye-kewaye, ban saba rubutu ba, kuma yau da safe sai da na kurɓa kaɗan kafin hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami. Gara in faɗa miki wannan tun farko, kada ki ɗauka wadda ta shiryu ce ke rubuto miki.

Ki kira ni Soling. Ba sunana ba ne, sauran sunayen ma duk na canza su. Na kusa shekara hamsin, tela ce ni a wani ƙaramin gari kudu da birnin Dumaguete a ƙasar Filifin, kayan 'yan makaranta nake ɗinkawa, sai rigunan biki idan an samu. Mijina ya daɗe da rasuwa, motar rake ce ta kife da shi. 'Yata ɗaya ce, Jovelyn, tana aikatau a Hong Kong, ta bar min 'yarta Bembem tun tana rarrafe. Yanzu shekararta biyar.

A gidanmu bammin kwakwa ba abin ɓoyewa ba ne. Babanmu ne ke hawa ya sauko da shi, muna yara ake ɗiga mana a baki wai maganin tsutsar ciki. Bayan rasuwar mijina sai ƙanena Turing ya riƙa zuwa da yamma yana ɗebe min kewa, mu zauna a benci, kofi ɗaya yana zagayawa tsakaninmu. Ban san lokacin da bammi ya daina yi mana ba muka koma farar barasar nan ta 'yar kwalba. Ban kuma san lokacin da ta tashi daga yamma ta dawo safe ba. Na dai wayi gari ba na iya zura zare a allura sai na sha. Turing ya mutu a daminar da ta wuce, idonsa ya yi ɗorawa, yana aman jini a roba ina riƙe da kansa. A zaman makokinsa na zagaya bayan ɗaki na sha. Ki ga irin matar da nake.

Abin da ya faru kuwa, ana gab da buɗe makarantu ne, ɗinki ya taru min. Da rana tsaka na jona dutsen guga, na ce bari in ɗan kishingiɗa a kan yadudduka kafin ya yi zafi. Bembem ta zo wai za ta goge rigar 'yartsanarta, ta ja wayar, dutsen ya faɗo mata a hannu, daga gwiwar hannu zuwa wuyansa. Maƙwabta na can tsallaken hanya sun ji ihunta. Ni da nake ɗaki ɗaya da ita ban ji ba. Sai da suka kai ta asibitin gari sannan wata ta dawo ta watsa min ruwa. Wannan ne ke cina, Tiya. Ba faɗuwar dutsen ba, rashin jin.

A asibitin, kakarta ta wajen uba, Pasing, ta zo. Ba ta zage ni ba. Ta matso ta shinshina ni a gaban mutane, ta ce, "Mare, surukata, je ki gida ki yi wanka. Yarinya ta samu mai kula da ita." Daga asibiti gidanta ta wuce da Bembem. Jovelyn ta kira tana kuka, ta ce, "Nanay, ina nan ina wanke kashin 'ya'yan wasu don tawa ta rayu, ke kuma kina can kina gasa min ita?" Ta ce za ta zo hutun Kirsimeti, idan ta tarar na daina kuma ina zuwa taron masu daina sha, za a yi maganar dawo da yarinyar. In ba haka ba, kada in ƙara ambaton sunanta.

Na je wajen likita. Ta danna cikina ta ce hantata ta kumbura amma ba ta kai ta Turing ba tukuna. Ta ce kada in kuskura in yanke shan lokaci ɗaya ni kaɗai, wai in zo a kwantar da ni na 'yan kwanaki a sauke ni a hankali. Na ce ɗinkin mutane yana jirana. Ta girgiza kai, ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in nemi taro. To neman taron nan shi ne ya kawo ni gare ki.

Na fara da na kusa, wanda ake yi ranar Alhamis a ɗakin taron cocinmu. Sai da na wuce ƙofar na dawo, na sake wucewa, sannan na shiga. Maza ne zalla, masunta da masu saran rake da direbobi, kusan kowa na taɓa ɗinka wa ɗansa wando. Wani Berting ya ce, "Nang Soling, masu koyon waƙar coci suna ɗakin gaba." Aka yi dariya. Sai shugabansu Manong Eking, tsohon direban bas, ya ce, "Rufe mana baki, Berting, ka tashi ka ba ta kujera. Ta fi ka sanin ƙofar da ta shigo." Mutumin kirki ne. Ya ce duk abin da aka faɗa a ɗakin nan, a ɗakin yake kwana. Na yarda da shi. A zuwa na gaba na buɗe baki, na gaya musu cewa a kwalbar da nake yayyafa wa kaya ruwa kafin guga nake zuba barasata, don ko Bembem kada ta gane. Ban taɓa gaya wa wani mahaluki wannan ba. Na yi kuka, na fito sakayau kamar an sauke min buhun shinkafa.

Ranar kasuwa ina ratsa layin kifi sai na ji an ɗaga murya: "Inday Soling! Zo ki yayyafa wa kifina ruwan gugar nan naki, ko ya tashi ya taka rawa!" Matar Berting ce. Duk layin ya ɗauki dariya. Na ajiye kwandona a nan na tafi, ban tsaya ko'ina ba sai shagon barasa. Ban ƙara komawa ɗakin cocin ba. Manong Eking ya zo ƙofar gidana yana ta sallama, na yi lamo kamar ba na nan.

Daga nan na ji labarin wani taron a Dumaguete, ranar Asabar da safe, a saman wani shagon kayan gini. Tafiya ce mai nisa a bas, idan na je aikin ranar ya tafi ke nan. Can kuma mafi yawansu tsofaffin Turawa ne masu gajeren wando da suka auri matanmu, da Turanci ake komai. Ba su wulaƙanta ni ba, sun ba ni kofi da biskit, sun tafa min don kawai na faɗi sunana. Amma rabin maganar wuce ni take yi, su yi dariya in yi murmushi ban san abin da aka ce ba. Na zauna kamar wadda ta shiga bikin da ba a gayyace ta ba.

Mace ɗaya ce 'yar ƙasa a cikinsu, Manang Perla, tsohuwar nas, busasshiya mai gajeren gashi. Ta tare ni a bakin matakala ta ce, "Kin sha yau?" Na ce a'a. Ta ce, "Inday, ganyen gwaiba kika tauna don ɓoye warin, ko? Ni da shi na yaudari asibiti guda shekara da shekaru. Buɗe jakar nan in ga." Na ƙi. Ta ce, "To riƙe abinki. Ban ce ki ce min kin daina ba, ƙaryar ce ba na so. Kin je asibiti an kwantar da ke?" Na ce ɗinki ya yi min yawa. Ta ce, "Za a samu wanda zai ɗinka miki rigar shiga akwatin gawa, kada ki damu." Ta karɓi wayata ta saka lambarta da kanta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban taɓa kiranta ba, ita ce ke kira, wani lokaci in ɗauka, wani lokaci in ƙyale ta ta yi ta ƙara.

Wata matsalar kuma tasha ce. Idan aka tashi sai na zauna jiran bas, ga rumfar masu sayar da barasa a gabana, ga gari babu wanda ya san ni. Kusan duk zuwan da na yi, a buge na koma gida. To mene ne amfanin zuwan?

Ana cikin haka wasu mata suka zo gidana da farar mota, suka ce daga Gidan Sabuwar Safiya suke, na wani mai wa'azi, Brod Nestor, can kan tudu cikin gonakin rake. Ba ni na neme su ba, su suka neme ni. Tiya, ba zan ɓoye miki ba, can ne kaɗai na ji ni mutum ce. Ina sauka mata suka rungume ni. Tun ranar da Bembem ta ƙone babu wanda ya taɓa jikina sai likita. Suka zuba min faten shinkafa da kaza da citta, suka yi waƙa da jita da harshenmu, wata tsohuwa ta zaunar da ni ta taje min kai. Babu mai tambayata ko na sha. Brod Nestor ya riƙe hannuna ya ce, "'Yar'uwa Soling, ke ba mashayiya ba ce, ɗaure ki aka yi, kuma a nan ake kwancewa." Ya ce waɗancan tarukan suna sa mutum ya yi ta kiran kansa mara lafiya har ya mutu, shi kuwa a wajensa kwana arba'in ne mutum ya fita fes.

Amma akwai kwando a gaban ɗakin addu'ar, a ciki ake zuba magungunan asibiti. Ya ce ko dai in dogara ga Ubangiji ko in dogara ga ƙwaya, ba a haɗawa. Kuma duk wanda ya shiga zaman, ranar da ya shiga yake yanke shan, ya ba da wayarsa, ba ya fita sai ya gama.

Wata Lahadi ina can na ji ihu daga ɗakin baya. Wani kafinta ne mai suna Dodoy, bai daɗe da shiga zaman ba. Na leƙa na ga gumi ya jiƙe shi sharkaf, yana kakkaɓe jikinsa yana cewa ƙaguwa na hawansa. Can sai ya sandare ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Maza suka danne shi, mata suka ƙara ƙarfin waƙa. Na ce da ta kusa da ni, ba za a kai shi asibiti ba? Ta ce, "Yi shiru, Inday, aljanin ne ke fita, kada ki mayar da shi." Da na koma mako na gaba babu shi, aka ce ya koma gida. Bayan 'yan kwanaki ina cikin bas na hangi rumfar makoki a bakin hanya, da hotonsa a manne. Ban san abin da ya kashe shi ba. Wataƙila wani ciwon ne daban. Ban tambaya ba, tsoron amsar nake ji.

Ga inda abin ya cakuɗe. Brod Nestor yana ɗaukar bidiyon waɗanda suka gama, sanye da fararen kaya suna ba da shaida, ya watsa a waya. Jovelyn ta gani, har ta ce baban wata ƙawarta a can ya warke. Ta ce, "Nanay, ki bar yawon nan, ki shiga na Brod. Ranar da na ga bidiyonki, ni da kaina zan ce wa Lola Pasing ta haɗa kayan Bembem." Da na fara ba ta labarin Dodoy sai ta katse ni, wai kullum ba na rasa hujja. Kuma ba ta yi ƙarya ba, na sha kawo mata hujja.

Makon jiya na je ƙofar gidan Pasing, ta bar ni na ga yarinyar ta tsakanin ƙarafan shinge. An cire bandejin, wurin ya yi ja ya tattare. Tana ganina ta mayar da hannun baya, ta ce, "Lola," wato kaka, "yi haƙuri, ni ce na ja wayar. Idan na daina taɓa kayanki zan dawo?" Na juya na tafi.

Tiya, ina zan dosa? Inda aka tona min asiri, ko inda ba na jin yarensu kuma nake komowa a buge, ko inda ake ƙaunata amma nake tsoron a fito da gawata? Brod ya ce motar za ta zo ɗaukata farkon wata. Rabin zuciyata ta riga ta haɗa kaya.

Soling, telar da hannunta ke rawa

*

Inday Soling,

Na karanta wasiƙarki, na kuma gode da kika fara da gaskiyar abin da kika sha da safe. Ni ma gaskiya zan gaya miki, wata ba za ta yi daɗi ba.

Kada ki shiga motar nan. Ban san abin da ya kashe Dodoy ba, ke ma ba ki sani ba, kuma ba zan ɗora wa kowa kisa daga nesa ba. Amma abin da kika gani a ɗakin bayan nan, gumi da gane-gane da sandarewa, likitoci sun san shi. Haka jikin wanda ya daɗe yana sha kullum yake iya yi idan aka yanke masa lokaci ɗaya, kuma yana kisa idan ba a kai mutum asibiti ba. Ke da sai kin kurɓa hannunki ke tsayawa, kina cikin waɗanda abin zai iya kamawa. Shi ya sa likitarki ta ce a kwantar da ke. Wannan ne aikinki na farko, kafin kowane taro. Ki mayar wa mutane yadinsu ko ki miƙa wa wata telar, ki koma wajen likitar a makon nan ki ce kin shirya. Ki gaya mata ainihin abin da kike sha, da kuma abin da kika gani a kan tudun nan, ita ta san inda za ta kai maganar.

Ba na raina abin da kika samu a can. Matar da ta taje miki kai ba yaudararki ta yi ba, kuma yunwar da kike ji ta a rungume ki ba abin kunya ba ce. Addu'a ma ba ta gaba da magani, mutane da yawa da ita suka tsaya da ƙafarsu. Amma duk wurin da aka ce ki zubar da maganin likita, ki ba da wayarki, ki daina zuwa ko'ina sai nan, aka kuma yanka miki ranar warkewa, to ki juya. Taron kirki ba ya hana ki likita, ba ya kulle ƙofa, ba ya ɗaukar hotonki, kuma ba ya jin haushi don kin leƙa wani taron. Ki lura da wani abu kuma: kin ce a can babu mai tambayarki ko kin sha. Na san da daɗi. Amma ciwon naki ya girma ne a inda babu mai tambaya.

Game da ɗakin coci, an cuce ki, babu wani kwana-kwana. Riƙon sirri shi ne ginshiƙin irin wannan zama, Berting ya karya shi. Sai dai Manong Eking bai san dalilin ɓacewarki ba, ko kuma ya ji a gari ya zo ba ki haƙuri kika rufe ƙofa. Ki gaya masa, ko ba za ki koma ba, saboda macen da za ta shiga ɗakin nan bayanki. Yadda ya ɗauki maganar zai nuna miki ko wurin na komawa ne. Ba na ce ki koma yanzu ba. A ƙaramin gari, mace ɗaya cikin maza, da rauni ɗanye, yana da wuya. Amma taron da ƙafa ke kai ki yana da ranarsa, musamman ranar da ƙishin ya taso babu bas. Ki bar ƙofar a sakaye.

Ni dai Dumaguete nake nuna miki, kuma ba don Turawan ba. Don Perla. Kin tafi neman taro, kika samu abin da ake zuwa taron dominsa: mace irinki, mai jin yarenki, wadda ta san dabarunki domin ta yi su, ta kuma fita. Bakinta da kaifi, na yarda, maganar akwatin gawa ta yi tsauri. Amma ita ce ke ta kiranki kina ƙin ɗauka, ba ta kuma nemi komai a wajenki ba. Ki tambaye ta ko akwai zaman da ake yi da harshenmu, ko na mata zalla, ko wanda ake shiga ta waya daga gida, domin yanzu ana yin su. Ki ce ta zauna kusa da ke ta riƙa fassara miki. Idan kin jarraba wani zaman sau ɗaya bai yi miki ba, ki ƙara zuwa kafin ki yanke hukunci. Abin dubawa ba yawan tafi ba ne. Ki duba ko kina iya faɗin gaskiya a wurin, ko akwai waɗanda suka daɗe da dainawa, ko ana barin mai shiru ya yi shirunsa.

Maganar tasha kuwa, ba taron ne ke sa ki sha ba, zaman jira ke kaɗai ne. Ki gaya wa Perla a fili cewa a nan kike faɗuwa. Ta raka ki har ki hau, ko ki tari bas a wani wurin, ko ku yi ta magana a waya har motar ta tashi. Wannan matsala ce mai magani, amma sai kin faɗe ta.

Yanzu ga mai ɗacin. Ina ganin Bembem ba za ta dawo hannunki a Kirsimetin nan ba, kuma ina ganin bai kamata ta dawo ba tukuna. Pasing ta kunyata ki, amma ta yi abin da ya dace da yarinyar. Jovelyn tana nesa, tsoro ya cika ta, tana son abin da za ta gani da ido, shi ya sa bidiyo ya ja ta. Kada ki yi gardama da ita a kan Brod. Ki ce mata za ki kwanta asibiti ranar kaza, ki ba likitar izinin yin magana da ita, ki ba ta lambar Perla idan Perla ta yarda. Za ta yi fushi, wataƙila ta kashe wayar. Ki bar ta. Yardar da aka ɓata a shekaru ba ta dawowa da faifai ɗaya. Idan kuma don a ba ki yarinya ranar kaza kawai kike dainawa, ranar da aka hana ki za ki koma.

Akwai abin da ba zai jira warkewarki ba. Yarinya 'yar shekara biyar tana can tana ɗauke da laifin da ba nata ba. Ki roƙi Pasing ta ba ki dama, ki durƙusa daidai tsayin Bembem ki ce mata ba ita ta yi laifi ba, Lola ce ba ta da lafiya, kuma Lola za ta je asibiti. Kada ki yi mata alkawarin ranar dawowa. Wannan kaɗai ya ishe ta a yanzu.

Ba zan ce miki hanyar nan gajeriya ba ce, ba kuma zan ce ba za ki ƙara zamewa ba. Idan kin zame, ki koma zaman da ke tafe ki faɗa, ba a korar kowa don wannan. Yau dai, kafin ki ɗora tukunya, ki kira Perla ki ce ta raka ki asibiti. Za ta tambaye ki ko kin sha. Ki ce mata eh.

Allah Ya ba ki lafiya, Inday, Ya warkar da hannun yarinyar nan, Ya sanyaya zuciyar uwarta.

Tiya Luding